Kangon da Na Ce Gidan Kakanta Ne

A lokacin da abin nan ya faru shekaruna arba'in da uku, ina da mata da 'ya'ya biyar, ina aiki a wani babban otal a nan Daura, irin wanda manyan mutane ke sauka idan sun zo gaisuwa ko biki. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma ina jin Turancin da zai ishe ni magana da baƙo, kuma ni mutum ne mai son tsari. Ban yarda da makara ba, ban yarda da wasa a bakin aiki ba, shi ya sa abokan aiki suke kirana Hedimasta a bayan idona, wani lokaci ma a gabana. Na rubuto muku ne domin abin ya daɗe yana cin raina. Ba zan faɗi sunan kowa ba, ba zan faɗi sunan otal ɗin ba, saboda laifin nawa ne.

Aikina shi ne raka baƙi yawon ganin gari. Baƙo zai faɗi abin da yake son gani, ni kuma in tsara masa fita ta musamman, da mota da direba da ruwan sanyi. Ina da nawa jerin da ba na saɓawa: da farko rijiyar Kusugu, sannan ƙofar fada, sannan wajen dukawa da maƙera, a ƙare da kasuwa, a dawo kafin azahar. Manajanmu yana da doka guda da yake maimaita mana kowace Litinin, cewa a gidan nan ba a ce wa baƙo babu, ba a ce masa ban sani ba. Kuma duk baƙon da zai tafi sai ya cike takardar ra'ayi a kan wanda ya yi masa hidima. Shekara huɗu ina wannan aiki ba a taɓa rubuta mini kalmar ƙorafi ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Cikin bazara, ana tsananin zafi, wata Hajiya ta sauka a wurinmu, ta kama ɗaki na kwana biyar. Za ta kai shekara sittin, 'yar kasuwa ce daga Kumasi ta ƙasar Gana, can aka haife ta. Hausarta irin ta mutanen zango ce, har direbanmu yana tsokanarta cewa Hausar tata ta sha ruwan teku, ita kuma ta ce masa tasa ta sha rana har ta ƙone. Ni kuwa ɗana take ce mini. Ranar farko na kai ta duk wuraren da na saba. Ta sha ruwan Kusugu, ta sayi takalmin fata, ta yi godiya, sannan a hanyar dawowa ta ce mini ba wannan ya kawo ta ba. Mahaifiyarta 'yar ƙasar Daura ce, an tafi da ita kudu tun tana yarinya, ba ta sake dawowa ba har ta rasu. Abin da ta bar mata na kwatance kaɗan ne: ƙauye ne wajen Sandamu, kakan Hajiyar marini ne, akwai tsamiya a tsakar gidan da rijiya a ƙofarsa. Sunan ƙauyen ya ɓace mata. Ta ce so take ta tsaya a tsakar gidan nan sau ɗaya kafin ta mutu, ta yi wa mutanenta addu'a.

Na ce mata an gama, kamar yadda aka koya mana. Rana ta biyu muka bi ƙauyukan Sandamu muna tambayar dattawa a gindin bishiyoyi. Rana ta uku muka nausa har wajen Dutsi, saboda wani tsoho ya ce yana jin an taɓa yin karofi, wato wurin rini, a can. Ba wanda ya san marinin. Kowa sai ya ce tsamiya da rijiya ai kowane gari akwai su. Da muka dawo ranar, na ga Hajiya a bayan mota ta daina ba'a da direba. Manaja ya tare ni a bakin ƙofa ya tambaye ni ko baƙuwarsa ta samu abin da take nema, ya ce mace ce mai jama'a, idan ta ji daɗi za ta turo mana wasu. Na ce masa gobe in sha Allahu.

A nan na yi kuskuren farko. Na tuna wani kango da nake wucewa ta gefensa a kan keke tun ina saurayi, can cikin gonaki, nesa da titi. Zaurensa yana tsaye, katangar ta zube ta gefe ɗaya, akwai tsamiya a ciki, akwai matacciyar rijiya a waje. Ban san masu shi ba. Na ce a raina tsohuwa ce, za ta tsaya ta yi addu'a ta yi kuka ta koma ƙasarsu da sanyin zuciya, ba wanda ya cutu. Da safe na shaida mata cewa na samu wani dattijo da ya tabbatar mini da gidan. Direba ya dube ni ta madubi, ya ce ashe Hedimasta har da duba yake yi, na daka masa tsawa na ce ya kula da tuƙinsa.

Mun isa wajen ƙarfe goma sha biyu, rana ta take tsaka. Mota ba ta iya shiga ba, direba ya tsaya a bakin hanya, ni da ita muka taka. Ba kowa a gonakin, ko akuya babu, ko kukan tsuntsu. Da ta hango tsamiyar sai ta kama hannun rigata ta ce ita ce, haka mahaifiyarta ta kwatanta. Muka shiga zaure, ina gaba tana baya. Ina shirin wucewa ciki sai ta tsaya ta gyara mayafinta ta yi sallama da ƙarfi, yadda ake yi a gidan mutane. Wallahi tallahi, aka amsa. Muryar tsohuwa ce, siririya, a natse, daga can tsakar gida, ta amsa sallamar cikakkiya, ta ce a shigo. Ƙafafuna suka tsaya da kansu. Tun ina yaro na san cewa idan mace ta amsa daga cikin gida namiji a zaure yake tsayawa, kuma wannan tarbiyyar ce ta riƙe ni kafin tsoro ya zo. Hajiya ta cire takalmi ta wuce ni ta shige.

Na zauna a kan dakalin zaure ina gaya wa kaina cewa wata mai itace ce ta fake wa rana. Ina jin muryar Hajiya tana gaisuwa, tana dariya, tana tsayawa kamar mai saurare, amma ban ƙara jin ɗaya muryar ba. Na duba agogo sau huɗu. Bayan kusan awa ɗaya ta fito, fuskarta a sake, bakin mayafinta a jiƙe. Ta ce Allah ya yi mini albarka, na kai ta gida. Ta ce tsohuwar ta ba ta ruwan randa mai sanyi, ta kira ta da sunan wasan mahaifiyarta wanda ba wanda ya sani a duniya sai ita, ta yi mata faɗan cewa ta daɗe ba ta zo ba. Ta ce sauran mutanen gidan sun fita, amma gobe kafin azahar duk suna nan, ta dawo a gaisa. Sannan ta ce tsohuwar tana gaishe da ɗan rakiya, wai ta san shi tun yana wucewa a kan keke. Na ce zan zagaya in kama ruwa, na bi ta inda katanga ta zube na leƙa. Busasshiyar ciyawa ce, da rumbun da ya faɗi, da fasasshiyar tukunya. Babu randa, babu tabarma, babu mutum. Sawun ƙafar mutum ɗaya ne a cikin ƙurar, ya shiga ya fito.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin a wannan karon na san akwai haɗari. Abin da ya kamata shi ne in gaya mata gaskiya tun a cikin mota. Amma na zauna na tsara abin a kaina daki-daki, yadda na saba. Gobe da yamma za ta tafi. Da farko za ta cike takardar ra'ayi, sannan a ɗora kayanta, sannan idan mun kama hanyar filin jirgi in gaya mata a natse, inda ba manaja. Abin da ya rage kawai in hana ta komawa kangon. Da safe na ce mata motar tana wajen bakanike, ba fita yau. Ta ce haba ɗana, tsohuwa tana jirana. Na ce ta yi haƙuri, doka ce, ba a fita da baƙo sai a motar gida. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce to, Allah ya kai mu. Na ɗauka na gama da maganar, na tafi raka wasu baƙi kasuwa.

Bayan la'asar wani ɗan acaɓa ya shigo otal yana tambayar wanda ya san wata Hajiya mai Hausar Gana. Ya ce ta ɗauke shi tun hantsi ta nuna masa hanya, ta ce ya jira ta a waje. Yana zaune yana jin daka da hirar mata da yawa a ciki, har ya ɗauka suna ake yi, yana ta sa ran a aiko masa da waina. Da ya gaji ya yi sallama, sai komai ya ɗauke ɗif. Ya ce bai tsaya leƙawa ba, ya hau babur ɗinsa ya gudo. Ni da direba muka tafi, muka biya ta ƙauyen da ke kusa muka ɗauki mai unguwa. A hanya dattijon ya tambaye ni wane ne ya kai baƙuwa wurin. Na kau da kai, direba ya ci gaba da tuƙinsa. Ya ce gidan ya daɗe ba kowa tun da mutane suka koma bakin titi, kuma a saninsa ba a taɓa yin marini a cikinsa ba, manoma ne. Ya ce su mutanen wurin ba sa saran tsamiyar, kuma duk wanda zai wuce da tsakar rana bakinsa a rufe yake wucewa, domin kowa ya san idan ka yi sallama a nan za a amsa maka.

Mun same ta zaune a ƙasa a gindin tsamiyar, ta tanƙwashe ƙafa, tana kai hannu ƙasa tana kaiwa baki kamar mai cin tuwo. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Mai unguwa ya yi ta addu'a, ni kuma na durƙusa na ce Hajiya mu tafi. Ta dube ni da fara'a ta ce in rage murya, maza ba sa shigowa nan, in koma zaure za a kawo mini nawa. A lokacin na gaya mata gaskiya, na ce ƙarya na yi, wannan ba gidan kakanta ba ne, ban san gidan kowa ba ne. Ta juya gefenta na dama inda ba kowa, ta ce Inna kin ji yaron nan da wasa. Sai da muka ɗauke ta cak.

A asibiti suka ce zafin rana ne da hawan jini, suka yi mata ƙarin ruwa. Malamai suka yi ruƙiyya. Ni ban san wanne ne ba, kuma ba zan yi gardama da kowa ba. Abin da kunnena ya ji a zaure shi na faɗa. Babban ɗanta ya zo ya tafi da ita bayan mako guda. Takardar ra'ayin kuwa ashe ta cike ta tun da safe kafin ta fita, ta yabe ni yabo mai yawa, manaja ya karanta a gaban ma'aikata ranar Litinin aka tafa mini. A watan na ajiye aikin. Yanzu hatsi nake sayarwa a kasuwa.

Sai da aka shekara na iya kiran ɗan nata a waya na faɗa masa komai daga farko har ƙarshe. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce jikinta lafiya lau, tana ci tana sha, amma ba ta ƙara komawa kasuwa ba, kuma ba ta ɗauki gidanta na Kumasi a matsayin gida ba. Kullum idan rana ta take tsaka sai ta yafa mayafi ta zauna a bakin ƙofa da jakarta, ta ce tana jiran ɗanta na Daura ya zo ya mayar da ita wurin mutanenta.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na ɗauka ƙaryar da za ta faranta ran mutum ba ƙarya ba ce, kuma na ɗauka gaskiya za ta iya jira har sai lokacin da ya dace da ni. Kwana ɗaya kawai na jinkirta ta. Ina kira ga masu aikin otal, da direbobi, da duk wanda baƙo ya damƙa wa kansa a garin da bai sani ba: baƙo da idonka yake gani, inda ka ce nan ne, nan zai cire takalminsa. Idan ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, ko da a bakin aikinka ne. Idan kuma ka riga ka yi ƙaryar, ka warware ta a take, kada ka jira a gama komai. Ina roƙon masu karatu su sa wannan baiwar Allah a addu'a. Ni nakan yi mata a kowace azahar, domin na san a daidai lokacin tana can zaune a bakin ƙofa, ni take jira.