Wilin da Usta Mukbil Ya Dasa

Mukbil, wanda ake kira Usta saboda gwanintarsa a sana'a, ya haura shekara talatin yana gyaran babura a gindin Dutsen Sabir, daidai inda garin Ta'iz ya ƙare, hanya ta fara hawa. Ubansa maƙeri ne, a wurinsa ya gaji imanin cewa babu ƙarfen da ba ya jin magana in an yi haƙuri da shi. A shekarun da hanyoyi suka toshe, kayan gyara suka daina shigowa, wannan halin nasa ne ya riƙe rabin baburan unguwar a kan titi. Ya ciro nan ya dasa can, ya goge, ya ƙara, har abu ya zauna. Ba ya yabon kansa, amma in an yabe shi yakan daɗe yana goge hannu da tsumma.

Wata Talata Galib, ɗan ƙanwarsa, ya turo babur. Shi ne mai sauko da ganyen kat, wanda ake taunawa, kowace safiya daga ƙauyensu na can ƙolin dutse. Wilin baya ya tsage.

"Kawu, in ban sauko da kaya gobe ba, wani za su ba."

"Irin naka babu shi a garin nan."

"To ai shi ya sa ban je wurin kowa ba."

Mukbil ya waiga. Can a lungu akwai gawar wani ƙaramin babur, ba ƙirarsu ɗaya ba. Ya kwance wilinsa. Wuni guda yana fama: ya rage nan, ya yanka ƙarfe ya cike can, ya daidaita sarƙa har ta miƙe sak. Da la'asar ya hau da kansa, ya je ƙarshen layi ya dawo, ya taka birki, taya ta ja ƙasa. Maƙwabta suka taru suna kaɗa kai. Galib ya sumbaci kan kawunsa, ya kama hanyar gida.

Washegari da hantsi yana shan shayi a rumfar da 'yan babur ke zama, sai Hazza, wani mai bakin tsiya a cikinsu, ya ce, "Usta, ɗanka dai bai iso ba. Ko yana can yana lallashin tanki?"

"Galib?" in ji wani. "Ai tun daga ƙofar gidansu yake kashe inji. Ɗigon mai ɗaya ba ya ƙonawa sai ya ga kasuwa."

"Kai kuma fa, waliyyi? Wa ba ya yi?"

Aka kwashe da dariya. Mukbil bai yi ba. Kofin ya tsaya masa tsakanin faranti da baki.

Ya san da haka. Kowa ya sani. Tun da mai ya yi wuya, duk mai saukowa daga dutsen nan kashe inji yake ya saki babur, birki kaɗai ke riƙe da shi har ƙasa. Kuma kwanon birkin wilin jiya ƙarami ne, an yi shi don ɗan babur mai yawo cikin gari. A kan shimfiɗaɗɗen layi ya kama. Amma rabin sa'a ana danne shi a gangara, da mutum da kaya, zai yi zafi, in ya yi zafi kuwa sai ya saki. Jiya ya auna komai, ban da dutsen.

Ya kira wayar Galib. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba.

"Hazza, tashi ka kai ni sama."

"Lafiya, Usta?"

"Tashi!"

Ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Hazza ya bar shayinsa.

A lanƙwasa ta shida ta hanyar suka tarar da mutane. Ganye ya watsu a titi. Babur na kwance jikin katangar wata gona, ta ɓangaren dutse. Ɗaya ɓangaren babu komai sai iska da rufin gidaje can ƙasa. Galib na zaune an jingina shi da katanga, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

"Rowar mai ce," wani dattijo yake cewa. "Kullum muna faɗa musu."

Mukbil ya durƙusa wajen wilin, ya tofa yawu a kan kwanon birkin. Ya yi cuu, ya ƙafe nan take.

"Kawu," Galib ya ce da ƙyar, "na taka har ƙasa. Kamar na taka tuwo. Sai na zaɓi katanga."

"Ku bar yaron," in ji Mukbil, bai ɗago ba. "Aikina ne."

 

Aka samu mota ta sauka da Galib asibiti. Hazza ya ce wa Mukbil ya hau babur su bi motar. Mukbil ya girgiza kai, ya dubi sama, inda ƙanwarsa ba ta ji komai ba tukuna. Sauran hawan a ƙafa ya yi shi.