Sadisu Mai Kunnen Kasuwa

Sadisu ɗan Konni ne, ɗan gidan direbobi. Mahaifinsa kamyo, babbar motar kaya, yake ja, yayyensa ma haka, shi kaɗai ya fita zakka. Ya yi lakwal, makarantar boko, bai ƙarasa ba, ya buɗe ɗan shagon gyaran salula kusa da tasha. A nan ya koya wa kansa rubuta manhaja da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, mai tsagaggen gilashi. Siriri ne, mai sanyin murya. In ka kawo masa waya sai ya gama tambayar mutanen gida kafin ya tambayi ciwon wayar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Manoman albasa ne suke ba shi tausayi. Mutum ya sha wahalar ban ruwa rani guda, dillali ya same shi a gona ya ce kasuwa ta faɗi, ya saye da araha, alhali a kasuwar Galmi buhu ya tashi. Sai Sadisu ya haɗa manhaja ya sa mata suna Kunnen Kasuwa. Ba sai ka iya karatu ba. Ka danna, ta faɗa maka da murya nawa ake sayar da buhu yau a Galmi, a Badaguishiri, har da tsallaken iyaka, da sefa da naira.

Bai sayar da ita ba. Ya bar rubutun manhajar a buɗe a intanet, wanda ya iya ya duba, ya gyara, ya ƙara. Ta haka ya haɗu da Samira, wata mai wannan sana'a a Yamai, wadda ta fi shi ilimin abin nesa ba kusa ba. Ita ta riƙa ɗinke wuraren da suka fi ƙarfinsa. Amma ita ma tana da uwa da ƙanne a wuyanta, kuma wurin da ake ajiye bayanan a intanet haya ake biya duk wata. Don haka ya sa lambarsa a jikin manhajar, ya ce wanda ya ji daɗinta ya taimaka da abin da ya sawwaƙa, a biya haya, a biya Samira.

Da fari an riƙa turowa, kaɗan-kaɗan. Sai wata Juma'a liman ya yabe shi a huɗuba, da zuciya ɗaya. Ya ce aikin Sadisu sadaka ce mai gudana, tamkar wanda ya gina rijiya a bakin hanya. Sadisu yana sahu, kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai.

Daga wannan makon gudummawa ta ƙafe.

Ya rasa dalili, har ranar da Labbo, dattijon manoman Tsarnawa, ya zo shago da buhun albasa a bayan babur.

"Baba Labbo, lahiya? Kwana biyu shiru."

"Lahiya lau, ɗana. Mun yi shawara. Ba mu ɓata maka lada. Wa ka biyan mai rijiyar sadaka? Sai dai goro." Ya daki buhun. "Ga goronka."

"Baba, ai abin nan haya…"

"Kai, yi shiru! Allah na biyanka, kana neman na Labbo? Mi Labbo ya aje?"

Ya yi dariya, Sadisu ma ya yi. Yaya zai dubi sa'an mahaifinsa ya ce shi ba lada kaɗai yake so ba?

Albasa ta yi ta zuwa, kuma lokacin kakarta take zuwa, lokacin da kowa yake da ita, ba mai saye. Ta cika zaure, ta cika bayan ɗaki, ta fara tsiro tana ruɓewa. Matarsa Badi'a ta raba wa maƙwabta har suka fara ɓuya in sun hango ta da kwano.

"Malam, ko masu hayar nan za ka aika wa da miya?" in ji ta. Tana wasa ne, amma idonta ya kawo ruwa.

Abin da ya samu a gyaran salula shi yake zubawa a haya. Samira ta yi haƙuri iya haƙuri, tana aiki ba ko sisi. Wata rana ta kira shi tana kuka, ta ce ta sami aiki a wani kamfani, ba za ta ƙara samun sukuni ba. Ya ce mata ta tafi, Allah ya sa albarka, ai ta yi abin da ko ɗan'uwa ba zai yi ba. Da ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon titi.

Ya ci gaba shi kaɗai. Ciwon ciki ya daɗe yana cin sa, yana jiƙa magani yana sha, yana cewa sai ya ga bayan hayar wannan wata sannan ya je asibiti. Wata ya bi wata. Ranar da yayyensa suka ɗauke shi da ƙarfi zuwa wurin likita, aka ce an makara.

Labbo ya zo duba shi da ayarin manoma, suka zauna a tabarma suna ta addu'a. Badi'a ce ta kasa daurewa. Daga bakin ƙofa ta faɗa masu komai, hayar, da Samira, da asibitin da bai je ba. Labbo ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ɗana, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Na so in hwaɗi, Baba."

Kafin mako ya zagayo manoman sun haɗa masa kuɗin da bai taɓa gani ba, daga Tsarnawa har Alela. Sadisu bai kai ga ganinsa ba.

Bayan sadakar bakwai Labbo ya ɗauki kuɗin a jakar fata ya shiga neman wanda zai riƙe Kunnen Kasuwa. Masu gyaran waya na tasha suka duba rubutun, suka ce ga shi a buɗe kam, amma ba su gane kansa ba. Samira ta ce za ta gwada in ta sami hutu, hutun bai zo ba. An biya haya, manhajar tana buɗewa, sai dai ba mai saka mata sabon farashi kamar yadda Sadisu yake yi. Dillalai sun koma bin gonaki kamar da. Labbo yana nan yana yawo da jakar, duk wanda ya gani da ordinater sai ya tsayar da shi ya tambaya.