Wofa Asumadu Ya Rataye Zarto

Ƙarfe bakwai saura Wofa Asumadu, wato Kawu Asumadu, yake sauka daga bas a Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, da jakar leda a hammata. Ba ya doguwar gaisuwa. Sai ya buɗe rumfarsa ta kwano, ya share dusar katakon jiya, ya zauna a kan benci ya ci dafaffiyar ayaba da miyar ganyen gwaza da matarsa Eno Pokuwa ta ƙunso masa. In ya wanke hannu sai ya nufi katakon da ya ɗaure ya kwana, ya shafa shi, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Daga nan ba zai ƙara miƙe baya ba sai rana ta karkata. Haka ya yi shekara talatin da huɗu. Ranar Talatar da ta wuce ya bar rumfar, kuma ni na kwashe masa kaya.

Aikinsa akwati ne, irin wanda ake dasa babbar lasifika a ciki don ta riƙa fitar da gurnanin kiɗa a mota. Kowane kafinta a layinmu yana iya haɗa maka mai kusurwa huɗu kafin azahar. Na Wofa kwana biyar yake ci, don shi lanƙwasawa yake yi. Sai ya tsattsaga bayan falanki da zarto, layi kusa da layi kamar haƙoran mataji, ba tare da ya huda ba. Ya jiƙa shi da ruwan zafi, ya kwantar da shi a kan haƙarƙarin katako, ya shafa gam, ya ɗora na biyu, ya ɗora na uku, sannan ya naɗe duka da robar tsohuwar taya ya bar shi ya sha iska. Mahaifinsa masassaƙin ganguna ne. In mai mota ya dame shi da tambayar dalilin wannan wahala, amsarsa ɗaya ce: "Ka taɓa ganin ganga mai kusurwa?"

Ni sunana Kwarteng, shekara ashirin da shida ina jan bas tsakanin Kumasi da Mampong. Ban iya yabo ba, bakin direba ya fi sabawa da zagi. Shi ma da zagi muka fara.

Wata Juma'a ce, shekara goma sha biyar ke nan. Ya gama mini akwati ya zaunar da shi a ƙarƙashin kujerar baya, ya zauna daram kamar a nan aka haife shi. Na miƙa hannu in karɓi makullina, sai na ga ya jefa shi a aljihu.

Na ce, "Wofa, gobe Asabar fa. Ina da masu jana'iza, sun ce in babu kiɗa ba su hawa."

Ya ce, "To su tafi a ƙasa."

"Haba Wofa! Buga mini ƙusa biyu kawai, Litinin in dawo ka ƙarasa."

"Ɗan 'yar'uwa, abin nan ya kusa buhun siminti nauyi. A garinku da zare ake ɗaure rago?"

Na ce masa kunkuru, na ce masa tsohon da ya tsufa da taurin kai, na ce uban wani ya saya mini motar? Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Na tafi gida a motar haya ina huci, masu jana'iza suka ɗauki wani. Ranar Asabar ya kwanta a ƙarƙashin motar ya huda ƙarfen daɓenta, ya ɗaure akwatin da manyan notuna huɗu, kowanne da farantin ƙarfe ta ƙasa. Da na zo ɗauka ko kallonsa ban yi ba.

Bayan wata bakwai, da damina, muna gangarowa daga tudun Mampong tayar gaba ta fashe. Sau biyu muka wuntsila. Mutum goma sha huɗu ne a ciki, muka rasa ɗaya, wani malamin makaranta da ke zaune kusa da ni. Kujeru biyu sun tumɓuke, kwandunan tumatir sun tarwatse, amma akwatin bai motsa ba. Maame Adutwumwa mai tumatir tana baya da goyonta. Kujerarta ta fita, ta faɗa kan akwatin, kafaɗarta ta karye, kan jaririyar ya bugi jikin akwatin mai lanƙwasa ya zame. Ƙulu kawai ya fito mata. Likitan da ya duba ta ya ce da a kan kusurwa ta faɗa, da wani zancen ake yi.

Da aka sallame ni daga asibiti, da sanda na je wurinsa. Na ba shi labari yana goge katako, bai ɗago ba.

Ya ce, "Notin hagu na baya, ya saki?"

Na ce, "Bai saki ba."

Ya ce, "Shi na fi jin tsoro, wajen ya yi tsatsa." Sai ya ajiye abin gogewar ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Na nemi gafara a kan zagin da na yi masa. Ya ce wane zagi, shi bai ji ba. Yarinyar nan yanzu tana sakandare, ba ta san akwai wani mai suna Asumadu a duniya ba.

Kai ne, Wofa, ka yarda a zage ka yau don kada a yi kuka gobe. Dattijo mai hannun sanyi, ba ka taɓa fasa katako don gaggawar mai shi ba.

Sunansa bai taɓa fita daga layinmu ba, kuma na ga yadda aka yi. Wani Sarpong ya dawo daga Jamus da baƙar mota mai sheƙi, ya kawo ta. Mako uku Wofa ya yi yana bin lanƙwasar but ɗin motar, yana aunawa da kwali yana yankawa, har akwatin ya shige kamar hannu a safa. Aka yi gasar kiɗan motoci a wani fili, Wofa ya yafa zanensa na zuwa coci muka tafi tare. Da Sarpong ya murɗa kiɗan, sai da ƙirjin kowa ya ɗauki rawa, amma ko ƙusa ɗaya ba ta yi ƙara ba. Ya ci gasar. Aka miƙa masa abin magana aka ce daga ina wannan akwati? Ya shafa wani tambarin Turawa da ya liƙa a jiki ya ce, "Daga Hamburg na taho da shi. Ina za a iya wannan a nan?"

Na buɗe baki zan ƙwala ihu, Wofa ya damƙe mini riga.

"Bar shi. In ya ce Suame, gobe su ce ƙarar ta ragu."

"Wofa, a gabanka fa!"

"Ƙafafuna sun gaji, Kwarteng. Kai ni gida."

Na kai shi gida. Washegari ƙarfe bakwai saura yana rumfarsa.

Shekara biyu da suka wuce na fara lura cewa in na yi masa sallama ta baya ba ya juyowa. Na ɗauka tsufa ne ya ƙara masa miskilanci. Eno Pokuwa ce ta ja ni gefe wata rana ta ce, "Kai ne abokinsa, ka yi masa magana. Jikarsa tana kiransa a tsakar gida ba ya ji. Sai ya ga bakinta yana motsi ya yi dariya, ita kuma ta ɗauka wasa ne." Shekara talatin da wani abu yana cusa kansa cikin but ana murɗa kiɗa don ya ji inda iska ke fita. Ba wanda ya taɓa ce masa ya toshe kunne, shi ma bai taɓa tunani ba.

Ban yi masa maganar ba, na rasa ta inda zan fara. Aikin ne ya yi masa. A watan jiya wani mai tasi ya dawo da akwati, abin da ban taɓa gani ba a rumfar nan. Ya ce, "Wofa, abin nan fito yake yi kamar butar shayi." Aka kunna. Ni ina jin fiton daga bakin ƙofa. Wofa ya kara kunnen dama, ya kara na hagu, ya dube ni. Na gyaɗa kai. Sai ya tsinci gashin kaza a ƙasa ya riƙa bin jikin akwatin da shi a hankali, har ya zo inda gashin ya kaɗa. 'Yar kafa ce da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ya toshe ta, ya ba mai tasi haƙuri, ya raka shi har mota. Da ya dawo ya rataye zarton a ƙusa.

Ya ce, "Akwai gyare a kunnena, Kwarteng, ba ya hutawa ko a coci. Wanda ba ya jin kuskurensa, hannunsa ba abin yarda ba ne. Na gaji."

Na ce ai ga shi ya gano da gashin kaza. Ya ce, "Bayan mai shi ya dawo."

Ranar Talata na cire kujeru biyu na loda bencinsa, da zartuna, da haƙarƙarin katakon da ya yi baƙi don tsufa. Ba a yi biki ba. Maƙwabcinsa mai walda ya ɗaga masa hannu bai cire tabarau ba, sauran layin suna ta bugun ƙarfe. Kafin mu fita kwana, mai sayar da taya ya fara shigar da kayansa rumfar. Na kai shi ƙauyensu, Eno Pokuwa ta daka mana sakwara, ya ci rabi barci ya ɗauke shi a kujera.

Wofa Asumadu, na gode. Na gode a madadin Maame Adutwumwa da 'yarta, da duk wanda ya zauna a bayan wata mota da nauyin aikinka a ƙarƙashinsa ya sauka lafiya bai sani ba. Kai ne ka ba garin nan kunnuwanka. Allah Ya hutar da bayanka, Ya sassauta maka wannan gyaren.

Ku kuma masu wannan sana'a, ku yi irin nasa. Ku ɗaure abin da kuka ɗora ko da mai motar zai zagi iyayenku, ku ba gam lokacinsa. Abu ɗaya ne kada ku koya daga gare shi: ku nemi abin toshe kunne tun kuna jin kiran 'ya'yanku. Wanda ya samu hali ya je ya gaishe shi, gidan na bayan makarantar firamaren ƙauyensu, kowa ya sani. In kun je kada ku ɗaga murya, an yi masa ihun da ya ishe shi. Ku jawo kujera ku zauna a gabansa, inda zai ga bakinku, ku ce masa an gode.