Duman Kan Dangwali

Cikin duk shekarun da na yi ina malamar gona, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wadda na kai shugabanmu gidan Inna Jumma a Dandin Mahe. Damina ce ta farko bayan an ɗauke ni daga Bodinga an mayar da ni Shagari, sashen mata. Aikinmu shi ne mu shiga gida-gida mu koya wa mata lambun tsakar gida: kabewa, soso, wake mai hawa. Ƙa'ida ita ce kowace ta kafa rumfa, ta ɗaura sabuwar igiya daga ƙasa zuwa sama don shuka ta bi. In damina ta raba, shugaban shiyya ya zo dubawa. Wadda ta bi ƙa'ida a bar ta cikin shirin, wadda ta saɓa a cire ta.

Inna Jumma Bafulatana ce, tsohuwa, ita kaɗai a gefen gari. Ɗanta Buba ya kora shanunsu kudu neman kiyaya, shekaru suka yi ta juyawa, ba shi ba labarinsa. Ta kafa rumfar kamar kowa, har ta fi wasu kyau. Amma dumanta, wanda ake yin ƙwarya da shi, ta ƙi ɗora shi a kai. Ta shuka shi a tsohon makwancin shanu, ya yi yaɗo ya bi dangwali, wato igiyar nan mai zarge-zarge da ake ɗaure maruƙa a jere lokacin tatsa, daga nan ya haye rufin bukkar Buba. Igiyar ta tsufa, rana ta cinye ta, duk ƙulli ne. Na yi mata magana har na gaji. Kullum sai ta yi murmushi ta miƙo mini fura, ta ba ni haƙuri wai babu nono.

Shugabanmu mutum ne mai son abu a miƙe, ko tabarma aka shimfiɗa a karkace sai ya gyara kafin ya zauna. Yana ganin duman ya ɓata rai, ya ce a kwance wannan ruɓaɓɓiyar igiya a mayar da yaɗon kan rumfa, in ba haka ba gidan ya fita. Ni kuwa na san iri da ɗan takin da muke ba ta su ne rufin asirinta.

Inna ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Ranka shi daɗe, mu ba mu kwance dangwali sai in an tashi, ko in shanu sun ƙare. In nik kwance wagga igiya, na ce Buba bai dawowa ke nan. Ku ɗauki irinku, ku bar min igiyata."

Shugaba ya tambaye ta me za ta yi da ƙorai masu yawa haka, tunda ba ta kai su kasuwa. Ta ce na tatsa ne, kada shanu su dawo a rasa abin tarbar nono. Ya dubi igiyar, ya dube ni. Da muka shiga mota sai ya ce ai ƙa'ida igiya ta ce, ba ta faɗi shekarun igiyar ba. Gidan bai fita ba.

Bayan kaka aka sake mayar da ni Bodinga. Ranar sallama Inna ta ba ni ƙwarya ɗaya, ta ce in ajiye, in Buba ya dawo in zo da ita a cika mini. Na yi ta cewa zan leƙa ta, aiki bai bari ba, sai da wata damina ta kewayo wani taro ya kai ni Shagari. Na tarar da wani dogon mutum a ƙofar bukkar, ramamme, yana gyara wa duma hanya a kan igiyar. Buba ne. Ya dawo a ƙafa, ba ko saniya ɗaya, bayan an yi arba'in ɗin Inna. Ya ce ya sami ƙorai a ɗakinsa, an fafe su, an kife su bisa juna. Na tambaye shi ko zai kwance dangwalin yanzu. Ya ce, "Ita tad ɗaure. Ba ni ka kwance shi ba."

Ku da kuke fara aikin nan, za ku shiga gidaje da yawa, za ku ga shuka a inda littafi bai ce ba. Lambun gida ba gona ba ne, kusan kowa akwai wanda yake shuka dominsa. Ku fara tambayar don wa aka shuka, kafin ku faɗi yadda ake shukawa. Ni dai ina kewar Inna Jumma har yau. Ƙwaryar tana rataye a ɗakina, ban taɓa zuba komai a cikinta ba.