Jinin Da Ƙuda Ya Ƙi

Yanzu in mota ta yi ciwo, na'ura ake jona mata ta faɗi abin da ke damunta. Na gani a Jidda, na gani a Abijan lokacin da nake fatauci. A Nima ta ƙuruciyata kuwa, unguwarmu a birnin Ankara, kunne ne da hanci da gardama. Wataƙila da tatsuniya, in har na fahimci abin da ya faru a gidanmu, don har yau ina kokwanto.

Babanmu mahauci ne. Yana da tsohuwar akori-kura 'yar Amurka da yake kwaso nama da ita daga mayanka zuwa Kasuwar Malam Atta. Ba ta da kuloci, ita ke canza wa kanta giya, abin da fitocin unguwarmu, wato makanikai, ba su saba da shi ba. Sai ta ɓullo da wani hali: inji ya yi ta ruri, ita tana tsaye, sai ta ga dama ta zabura. Sau biyu nama ya fara wari a hanya, mata masu abinci suka soma komawa wajen wani mahauci. Masta Kojo, fitan Baba, ya canza fulogi, ya wanke kafireto, ya gaji.

“Alhaji, motar nan ya mutu,” in ji shi da Hausarsa ta Ankara. “Ka ba masu tsohon ƙarfe kawai.”

Baba ya sa ranar Asabar za a zo a ja ta.

Kakarmu Iya 'yar Dogondutsi ce, Baba kuma ɗanta na fari. Saboda kunya ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. Ita ke share ƙofar gida kullum da safe, inda motar ke kwana. Bayan magariba mukan kewaye kurfotinta tana gasa mana masara, Baba can gefe a tabarma da shayinsa.

Ranar Laraba ta ce, “Ga wata nan tafe.” Muka ce ta iso. Wai wani bajimi ne ya durƙushe ya ƙi tashi. Masu magani suka taru, wannan ya duba haƙori, wancan ya duba kofato. Jini kuwa na ɗiga a ƙarƙashinsa. Sarkin ƙuda ya ji labari, ya taho da jama'arsa cin biki. Ya sauka, ya shinshina, ya juya.

“Sai me, Iya?”

“Sai ya tafi gida.”

“Gizo fa?” in ji ƙanwata Ladidi.

“Gizo ya tafi Kumasi sarin goro. Ke, ci masararki.”

Muka dubi juna. Ba mugu, ba wanda aka cinye, ba ko kan ɓera a ƙarshe. Washegari ta maimaita ta, da ƙarfi wannan karon, ta juya wa tabarmar Baba baya. Na ɗauka tsufa ne. Ranar Juma'a ta sake, ta ƙara da cewa, “Jinin da ƙuda ya ƙi, a tambaye shi jinin wa ne.”

Baba ya ajiye kofi. Ya ɗauki aci-bal-bal ya fita. Ya dawo daga wajen motar da jan abu a yatsa yana shinshinawa, ya fuskanci bango ya ce, “A gaya wa mai tatsuniya, ƙuda ya yi gaskiya.”

Ashe kowa ya daɗe yana ganin jan abin da ke ɗiga ƙarƙashin motar, har Masta Kojo. Motar mahauci ce, wa zai tambaya? Jan man giya ne ke yoyo ta wani bututu da ya tsage. Da safe Masta Kojo ya lalubo sandar awon mai ta biyu a bayan inji, ya zaro ta a bushe. Aka canza bututu, aka zuba mai, mota ta tafi. Amma giyar baya ta riga ta ƙone.

Da na girma na tambayi Iya ko ta san abin da take faɗa. Ta ce, “Ni me na sani na mota? Tsintsiya na sani.”

Na iya yaren Tuwi, na iya Faransanci, na tsinci Larabci, ban taɓa jin inda uwa ta aiki ƙuda wajen ɗanta ba. Wani lokaci in ce kunyarta ta ceci motar. Wani lokaci in ce da ta buɗe baki tun ranar da ta lura, da giyar baya ta tsira. Ban san wanne ba ne.

Motar dai ba ta sake yin baya ba, sai an tura. Baba kuma ya matso da tabarmarsa kusa da kurfoti, bai ƙara mayar da ita gefe ba.