Bakin Mazurari a Cikin Giya

Guntun roba da bai kai kan ɗan yatsana ba, zai iya kashe mutum? Na tsufa ina wannan tambaya, ba wanda ya ba ni amsar da zuciyata ta kwanta da ita.

Zamanin Turawa ne, gab da tafiyarsu. Maigidana direba ne, yana jan kitikar wani attajirin Kankia, ƙaramar motar kaya. Da kaka shi ke kwaso gyaɗa daga ƙauyuka ya kai wurin awo. A ƙofar gidanmu motar ke kwana.

Yana da mazurari na roba, ja, da ya sayo a kanti a Kano. Lokacin roba baƙuwa ce, har maƙwabta kan zo su taɓa. Wata safiya yana ƙara mai a akwatin giyar motar, sai na ji ya yi salati. Bakin mazurarin ya karye, ya faɗa ciki.

Ya sa waya, bai kamo ba. Ya ce in jiƙa mashi ƙaro, ya shafa a kan tsinke ya zura, wai ko zai manne. Ina ƙaro zai kama abin da ke cikin mai? Har azahar yana kwance ƙarƙashin mota.

Wansa manomi ne, ya zo ya tsaya a kansa.

"Kai ta Kano a buɗe cikinta," in ji shi.

"Yaya, ana tsakar gyaɗa? Kafin in dawo Alhaji ya sa wani a kujerata."

Sai aka kira tsohon makaniken da ke bakin kasuwa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Haƙoran ƙarfe ne a ciki, direba! Su da ke cin junansu, roba za ta gagare su? Kai da ka ci ƙashin kaza jiya, ka mutu?"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, daga bayan zana.

Motar ta ci gaba da aiki. Amma ni da ke jin tashinta kullum, na ji muryarta ta sake, wani ƙas-ƙas kamar ana niƙa da tsakuwa a cikin hatsi.

Ran da abin ya faru, ya ɗauko buhuna daga Yashe. A gangaren wani rafi, waɗanda ke gona suka ce sun ga yana kokawa da sandar giya, ta ƙi shiga. Kaya ya yi nauyi, birki bai riƙe ba. A kan amalanke aka kawo mani shi, an lulluɓe shi da buhun gyaɗa.

Daga baya an buɗe akwatin. Wansa ya ce an ga jan gari a cikin man. Makanike ya rantse haƙori ne ya karye don tsufa, ba ruwan roba. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda da liman, wallahi na yarda, amma hawayena ba su yarda ba.

Da safen ranar da ya rasu, na bi maigidana har zaure, goye da ɗanmu na fari, na ce, "Malam, motar nan ba ta da lafiya."

Ya leƙa fuskar yaron, ya gyara mashi hula.

"Na ji ta, ni ma. Koma ciki, akwai sanyi. In na sauke wannan kayan, gobe zan kai ta Kano."