Ranar da Kawu ya so yi wa Kaka faci

Har yanzu in na ji warin sholisho, gam ɗin facin taya, sai in tuna ranar nan. Ni ce mai jinyar Kaka a asibiti a Dutse, lokacin da numfashinta ya ƙi daidaita aka sa mata na'urar iska. A jikin tiyon da ke zuwa hancinta akwai wani ɗan abu, bai wuce ƙwallon dabino ba, wai shi ke auna iskar da ke wucewa.

Da hantsi Kawu ya zo dubiya daga Kiyawa. Mai facin taya ne, da kayan aiki a aljihu yake yawo ko gidan biki. Garin gyara zama Kaka ta fizgi tiyon, ɗan abun ya buɗe baki, ya fara tsss, na'urar ta kama kuka.

Kawu ya kara kunne. Ya lakato yawu ya shafa a wurin, ya ga kumfa ta taso.

"Fanca ce," ya ce, fuskarsa har haske take. Ya zaro gwangwanin sholisho.

"Kawu, don Allah, Kaka ce fa, ba Keke Napep ba!"

"Ke 'yar boko, matsa. Iska ai iska ce."

Kaka tana haki, idonta a kaina. Na damƙe abun a tafin hannuna, na ƙwala ihun da sai da wata mai jinya ta zubar da kunu. Kawu yana ɓamɓarar yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa in ji tsoron Allah, sholishon zai bushe.

A haka nas ta same mu. Ta cire abun, ta sa sabo, ta danna ƙas, na'urar ta yi shiru. Ta ce ba a sa masa gam ko kaɗan. Wani siririn zoben roba ne a tsakiya, in an matse gefen biyu shi ke riƙe iskar. Da Kawu ya shafa sholishon, da ramin da iskar ke bi ya toshe, warin kuma ya wuce huhun Kaka kai tsaye.

"Liƙi ba gam?" in ji Kawu. "Aikin ha'inci ke nan."

Ni dai na zauna a ƙasa ina kallon ƙirjin Kaka yana hawa yana sauka. Da ta samu numfashin magana, ta yafito ni.

"Fitar min da kawunki," ta ce, "kafin ya ɗauko famfo."